Shin Ko Kun San? Wa Ke Riƙe da Akalar Intanet?

Shin ko kun san cewa jihar Jigawa da shafukan yanar gizo sa'annin juna ne? Ranar 6 ga Agusta, 1991, Tim Berners-Lee ya sanar da duniya tsarin shafukan da ya haɗa a cibiyar bincike ta CERN, kusa da Jeniba. Ranar 27 ga watan, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jigawa daga tsohuwar jihar Kano. Kwana 21 ne tsakani. Kafin shekarar ta fita kuma Ringim ta samu masarautarta.

Jigawa tana da gwamna da majalisa da kotuna. Ringim tana da sarki da hakimai da dagatai, har zuwa kan mai unguwa; in aka ci maka iyakar gona ka san ƙofar da za ka nufa. Intanet kuwa ba ta da sarki, ba ta da fada, amma kullum ana yanke hukunci a kanta, hukuncin kuma yana iske mu har cikin ɗaka. Wa ke yankewa, a ina, da izinin wa? Waɗannan tambayoyi ne suka haifi wani sabon fannin bincike a jami'o'in duniya, wanda zan kira ilimin tafiyar da intanet.

Ku ɗan tsaya gaban rumfar mai POS a bakin tashar mota a Ringim. Ya zura kati, ya danna lambobi, ya ɗaga na'urar sama yana jujjuya ta. Layi ya yi tsawo, wani dattijo da ya sayar da buhun riɗi yana jira a ba shi kuɗinsa ya kama hanyar ƙauye kafin magariba. "Netwok ne, Baba, a ƙara haƙuri." A cikin wannan kalma guda akwai ƙarfen sabis da ke bayan gari, da lasisin da hukumar NCC ta ba kamfani a Abuja, da wayar gilashi da aka binne a gefen titi, da kebul ɗin da ke kwance a ƙarƙashin teku, da lambar adireshin da aka rabo daga wani tsibiri a tekun Indiya, da ƙa'idar da wasu injiniyoyi suka rubuta a ƙasar da dattijon bai taɓa jin sunanta ba. Kowanne da mai shi, kowanne da dokarsa. Aikin masu wannan bincike shi ne bin wannan sarƙa zobe-zobe.

Shin ko kun san cewa sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa kwamitin mutum 40 don kawai a fayyace ma'anar abin? A babban taron duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a Jeniba a Disambar 2003, ƙasashe suka kasa daidaitawa a kan wanda ya kamata ya riƙe intanet. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Nitin Desai ɗan Indiya, ya miƙa rahotonsa a 2005, taron Tunis na Nuwambar wannan shekara ya amince da ma'anar da ya kawo. A taƙaice: gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula ne ke tsara ƙa'idojin intanet tare, kowa a matsayinsa. Wani ɓangare na rigimar a kan kalma ne ma. A harsuna da dama kalmar da aka yi amfani da ita tana da ƙamshin "gwamnati", sai wasu wakilai suka ɗauka aikin hukuma ne ita kaɗai. Mu ma in muka ce "mulkin intanet" kunne zai tafi kan mai mulki, shi ya sa na zaɓi "tafiyarwa".

Kun san kuwa cewa masanan wannan fanni suna da ƙungiyarsu? Sunanta GigaNet. An kafa ta a 2006, ta yi zamanta na farko a Atina, babban birnin Girka, ana gobe za a buɗe taron IGF na farko, wato dandalin Majalisar Ɗinkin Duniya na tattauna tafiyar da intanet. Tun daga nan kusan duk inda IGF ya sauka, masanan kan yi nasu zaman a gefensa. Taron ya sauka a Afirka sau 3: Sharm el-Sheikh a Masar a 2009, Nairobi a 2011, Addis Ababa a 2022. A 2024 a Riyad aka yi shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa waɗanda suka aza harsashin fannin ba daga tsangaya ɗaya suka fito ba. Lawrence Lessig malamin shari'a ne. A littafinsa na 1999 ya nuna cewa yadda aka gina manhaja yana iya hana mutum ko ƙyale shi kamar yadda doka ke yi. Milton Mueller, masanin siyasar tattalin arzikin sadarwa, ya fitar da "Ruling the Root" a 2002, tarihin kokawar da aka yi a kan rajistar sunaye. Laura DeNardis daga aikin injiniya ta taso, ta rubuta "The Global War for Internet Governance" a 2014. Jovan Kurbalija tsohon jami'in diflomasiyya ne. A 2020 ne DeNardis da abokan aikinta 3 suka tattara littafi guda a kan hanyoyin binciken fannin kansa, alamar cewa yaro ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Shin ko kun san cewa kusan shekara 30 rajistar lambobi da sunayen intanet tana hannun mutum ɗaya? Jon Postel sunansa, mai bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A Janairun 1998 ya aika wa masu kula da 8 daga cikin manyan na'urorin tushe, masu riƙe da kwafin rajistar, saƙo cewa su riƙa karɓar rajistar daga na'urarsa, suka bi maganarsa saboda girman da suke ba shi. Gwamnatin Amurka ta sa ya mayar da abin yadda yake. A wannan shekarar aka kafa ICANN a Kalifoniya don ta ɗauki aikin, shi kuwa Postel ya rasu a watan Oktoba. Amurka ta ci gaba da sa ido a kan rajistar ta hanyar kwangila har zuwa 1 ga Oktoba, 2016, ranar da ta saki. Shekara 18 ke nan ƙasashe irin su Brazil da Sin da Rasha suna ƙorafi a kan haka.

Na'urorin tushen nan suna da sunaye 13, ƙungiyoyi 12 ke kula da su, amma kwafinsu ya haura 1,000 a warwatse a duniya.

Akwai kuma bikin mabuɗi. Sau 4 a shekara ake taruwa a ɗaya daga cikin wasu ɗakuna 2 masu tsananin tsaro a Amurka, ɗaya a Bajiniya, ɗaya a Kalifoniya, a gaban shaidu da kyamara, a buɗe akwatunan ƙarfe, a sa wa tushen rajistar hatimin da ke tabbatar da cewa ba jabu ba ce. Lokacin da aka fara a 2010, cikin mutum 7 da aka damƙa wa katunan farfaɗo da mabuɗin in masifa ta auku, ɗaya ɗan Burkina Faso ne.

Kun san yadda injiniyoyin IETF, masu rubuta ƙa'idojin fasahar intanet tun 1986, suke auna ra'ayin zaure? Ba sa jefa ƙuri'a. Sau da yawa shugaban zama kan ce masu goyon baya su rufe baki su yi "mmm", sannan masu adawa su yi nasu, a saurari inda sautin ya fi ƙarfi. Ƙungiyar ba ta da katin zama mamba. Duk mai ilimin abin yana iya sa baki.

Shin ko kun san cewa haruffa 2 na ƙarshen adireshi dukiya ce? Na Najeriya .ng, na Nijar .ne. An ba Najeriya nata a 1995, amma a farko ɓangaren fasaharsa yana hannun wata cibiya a Italiya. An sha ja-in-ja a gida a kan wanda zai riƙe shi, har aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005, ICANN ta miƙa mata ragamar a 2009. Tsibirin Anguilla, wanda mutanensa ba su kai 20,000 ba, ya dace da .ai, haruffan da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke rububi. A 2023 kaɗai ya samu kusan dala miliyan 32 daga sayar da sunaye. Har yanzu hukumomi da kamfanoninmu da yawa sun fi son adireshin waje a kan na gida, kuɗin rajistar kuma yana fita da dala.

Tsibirin da na ambata a rumfar mai POS shi ne Morishas. Can ne hedikwatar AFRINIC, mai raba lambobin adireshi ga Afirka duka tun 2005, ɗaya daga cikin irinta 5 a duniya. Tsohon tsarin lambobi yana da adireshi kusan biliyan 4.3, babban rumbunsa ya ƙare a Fabrairun 2011, kason Afirka kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Da lambobi suka yi tsada sai ido ya dawo kan ragowar namu. A 2021 rigima ta ɓarke tsakanin AFRINIC da wani kamfani mai suna Cloud Innovation, kotun Morishas ta rufe asusun cibiyar na ɗan lokaci, a 2023 kuma ta naɗa mata mai riƙo. Cibiyar da nahiya guda ta dogara da ita ta yi shekaru ba cikakken kwamitin gudanarwa, saboda a takarda ita kamfani ce kawai mai rajista a ƙaramar ƙasa. Wannan shari'a kaɗai ta ishi ɗalibin shari'a digirin digirgir.

Kun tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da bankuna suka tsaya cik? Kebul 4 ne suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa: WACS, da MainOne, da ACE, da SAT-3. Nisan wurin daga Dutse ya wuce kilomita 1,500, amma mai shago a nan ya ji a jikinsa.

Mu ma mun taɓa girgiza wasu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google ta bi ta Sin da Rasha fiye da awa 1. Kamfanin ya amsa cewa kuskurensa ne. Tsarin da manyan hanyoyin intanet ke nuna wa juna hanya an gina shi ne a kan yarda: in maƙwabci ya ce ta wajena ake bi, sai a gaskata shi.

Shin ko kun san abin da ya sa ake cewa fannin na tsangayoyi da yawa ne? Ku ɗauki abin da ya faru a maƙwabtanmu. Ranar 3 ga Satumba, 2021, NCC ta umarci kamfanoni su katse sadarwa a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. Mako 2 aka ce, a wasu yankuna abin ya kai watanni. Aka bi da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, da wasu a Sakkwato da Kaduna. A kwanakin farko mutanen Gusau sukan shiga mota har Funtuwa don su buga waya ko su tura kuɗi, kafin ita ma Funtuwar a yanke ta. An yi irin haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, an yi a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021.

To, wa zai gaya mana ko matakin ya yi amfani? Injiniya zai iya auna ƙarfen sabis nawa aka kashe da inda sigina ke tsallakowa daga maƙwabta. Lauya zai tambaya wane sashe na dokar sadarwa ta 2003 ya ba da wannan iko, kuma wa ke duba mai amfani da shi. Masanin tattalin arziki zai lissafa asarar mai POS da dillalin hatsi. Masanin tsaro zai kwatanta yawan hare-hare kafin rufewa da bayanta. Masanin zamantakewa zai zauna da matar da naƙuda ta kama cikin dare babu hanyar kiran mai mota. In kowa ya tsaya a tsangayarsa, rabin gaskiya zai kawo. A ganina, katse sadarwar miliyoyin mutane ba tare da an dawo an auna sakamakon a fili ba zalunci ne ga waɗanda suka ɗauki nauyin, ko da niyyar mai kyau ce.

Dakatar da Twitter a Najeriya ta ɗauki kwana 222, daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka.

A Nuwambar 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda saƙon da ya wallafa a kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. A farkon Disamba aka janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, an yi masa gyara a 2024. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta ƙasa ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Duk waɗannan darussa ne a wannan fanni, kuma ɗaya a ƙofar gidanmu ya faru.

Shin ko kun san cewa ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ita ma sai da wani kwamiti ya ba ta lamba? Ƙungiyar Unicode, wadda ita ma aka kafa a 1991 a Kalifoniya, ita ke ba kowane harafi na duniya lambarsa. Kafin tsarinta ya bazu, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna a shekarun 1990 ya ƙera haruffan Hausa masu ƙugiya don kwamfuta. Wasu haruffan ajamin Hausa sai a 2020 suka shiga Unicode. Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun samu adireshi da baƙaƙen Larabci tun Mayun 2010, saboda sun je teburin sun nema. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa a Disambar 2013.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. In ƙugiya ta faɗi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Na'urar da ba ta rarrabe waɗannan ba, yaya za ta gane habaici da gugar zana, ta bambance wasan Bafulatani da Babarbare da kalaman tunzura jama'a? Amma irin waɗannan na'urori ne ke taya manyan kamfanoni yanke abin da za a goge da abin da za a bari. Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonni na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka da aka tantance don koya wa na'ura gane yanayin magana. Malamin harshe yana da kujera a wannan fanni daidai da ta injiniya.

Kun san cewa Jigawa ta taɓa yin gaba a wannan harka? A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka buɗe cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure a 2001 tare da kamfanin Informatics na Singafo, aka kuma kafa Galaxy don shimfiɗa intanet daga Dutse, lokacin da GSM kanta jaririya ce a ƙasar. Kamfanin Galaxy Backbone na tarayya, wanda aka kafa a 2006, daga wannan yunƙuri ya samo tushe. Kashifu Inuwa Abdullahi, da aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a Agustan 2019, ɗan Haɗeja ne. Mun horar da masu ɗaura waya da masu rubuta manhaja, wannan abin alfahari ne. Inda muka yi sanyi shi ne horar da masu karanta doka da yarjejeniyar da ke bayan wayar.

Alhali kayan aikin suna gida. Kwalejin shari'a tana nan Ringim. Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011 take, ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da babin amana, da hana leƙen asirin mutane, da harimin rijiya, da haƙƙin hanya. Manomi da makiyayi a Garki da Ɓaɓura sun san burtali: hanya ce ta kowa, in mutum ɗaya ya nome ta, rigima ta tashi. Kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a binne wayar gilashi a gefen titi, wanda aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, maganar burtali ce a sabon kaya, kuma yana cikin abubuwan da ke yanke ko waya za ta iso ƙauye ko za ta tsaya a birni.

Makarantun koyon abin ma akwai su. Ta Turai ta fara a garin Meissen na Jamus a 2007. Ta Afirka, AfriSIG, ta fara a Durban a 2013, ta zo Abuja a 2023. A Kano, cibiyar CITAD ƙarƙashin Malam Y. Z. Ya'u ta daɗe tana aiki a kan intanet ɗin da al'umma ke kafa wa kansu a ƙauyuka da kuma shigar mata cikin waɗannan tattaunawa. Halartar IGF kyauta ce, ana kuma iya binsa kai tsaye daga waya. ICANN tana ɗaukar nauyin sababbin shiga daga ƙasashe irin namu zuwa tarukanta.

Kirana ga ɗaliban Dutse da Kafin Hausa da Kazaure da Ringim masu neman batun kundin kammala karatu, da malaman da ke duba su: ku haɗa ɗalibin kwamfuta da na shari'a da na Hausa a kan aiki ɗaya. Ku je Taura da Garki da Ɓaɓura ku ƙirga unguwannin da sai an hau tudu ake samun sabis, ku tambayi masu POS abin da suke asara duk ranar da netwok ya ɗauke, ku karanta takardar da kamfani ya sa wa hannu kafin ya kafa ƙarfe a gonar mutum. Ku rubuta da Turanci don zauren GigaNet ya karanta, ku kuma rubuta da Hausa don a karanta wa dattijon nan mai riɗi.